Asabar Uku a Kujerar Matuƙi

Wata Asabar ce a farkon kaka, shekara biyu bayan samun mulkin kai, malaminmu na lissafi, Malam Zanna, ya ɗora mu a kekensa, ni a gaba, abokina Bukar a kariya, ya nufi filin jirgin Maiduguri da mu. Muna aji bakwai, mu muka zo na ɗaya da na biyu, tukwicinmu kuwa shi ne a kai mu mu ga ƙaramin jirgin da ke feshin tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi a gonakin bakin Tafkin Chadi.

A unguwar Dala ta Maiduguri muke zaune, mahaifina Bakano ne mai gyaran keken ɗinki a Kasuwar Kwastam. Idan mun gama ɗebo ruwa da zuba wa awaki harawa, sai mu baje a gindin darbejiya muna ƙera jirage da sillen kara da gwangwanin madara. A gonar gero kuwa, inda ake tura mu korar tsuntsaye, da mun ji rugugi a sama sai mu yar da majaujawa mu bi shi da ido. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ɗaya ne: ƙarfen da ko a ruwa nutsewa yake, me ke riƙe shi a iska?

Matuƙin wani Bature ne dogo, mai karyayyiyar Hausa. Ya ce kowa ya zaɓa. "Ko mu zaga gari yanzu, ka zauna a baya ka sha kallo, ko ka zo Asabar uku in koya maka a ƙasa, ta huɗu mu tashi ka riƙe sandar tuƙi da hannunka." Bukar bai bari ya rufe baki ba ya ce shawagi. Ni kuwa na tsaya ina kallon farfela ina kallon agogunan da ke gaban kujera. Malam ya raɗa mini, "Sani, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki." Amma na sha jin Baba yana cewa, "Mai hawan jaki daban, wanda ya san jaki daban." Na ce darasi nake so.

Ina tsaye jirgi ya ɗaga da Bukar. Ya sauko yana rantsuwa wai kogin Ngadda kamar zare yake, shanu kamar kiyashi. Har muka isa gida ina jin haushinsa.

Asabar uku na taka da ƙafa zuwa filin jirgin. Na zauna a kujerar matuƙi, na taka feda wutsiyar jirgi ta juya, na karkata sanda gefen fiffike ya ɗaga. Asabar ta biyu Baturen ya riƙe takarda a ƙasan leɓensa ya hura iska ta samanta, sai takardar ta miƙe sama maimakon ta faɗi. Na yi ta maimaitawa a gida har Inna ta ce zan ƙarar da littafina.

Asabar ta huɗu na sa kayan Sallah, Inna ta tofe ni da addu'a. Na isa na tarar da fili wayam. Mai gadi ya ce tsuntsayen sun ƙaura, an tura jirgin wani gari tun Laraba. Na zauna a bakin shingen waya na yi kuka mai isata. Yara suka laƙaba mini Matuƙin Ƙasa, sunan ya bi ni har kwaleji.

Na zama malamin kimiyya, ban kuma taɓa tashi a jirgi ba sai da furfura, lokacin aikin Hajji. Da muka tashi na leƙa ƙasa, rufin kwano ne iya ganina, babu gonakin geron, babu gidajen zana. Bukar ya rasu bara, ba mu taɓa raba gardamar wanda ya fi dacewa a cikinmu ba. Abin da na koya yana nan tare da ni. Garin da shi ya gani ne ba a sake samun sa ba.