Orval Dietz, Mai Mayar wa Tolliver Sunanta

Kowace safiya, kafin ya kurɓi kofi, Orval Dietz yakan tuƙa tsohuwar a-kori-kurarsa zuwa mararrabar babbar hanya, ya duba ko allon sunan garinmu ya kwana. Sau da yawa bai kwana ba.

Tolliver ba wani gari ba ne. Mutum ɗari uku, tankin ruwa mai tsatsa, rumbun alkama, sai gunkin masara na siminti da baƙi ke ɗauka roka ce. Daga babbar hanya ba ka hango ko ɗaya. In babu allo, sai ka wuce mu kana fito.

Suna ne masifarmu. Akwai mawaƙi Jace Tolliver, wanda 'yan mata ke suma in ya ɗaga gira. Akwai Sanata Tolliver, wanda manoma ke tofar da yawu in an ambace shi. Babu wanda ya taɓa taka ƙasarmu a cikinsu. Amma mawaƙin na sakin waƙa, masoyansa za su kwance allon su kai ɗaka. Sanatan na yin jawabi, za a mayar da allon rariya da harsashi.

Shekara talatin da ɗaya Orval yana aikin hanya a gundumar nan, yana kafa sabo. Ya shafa wa sandar allon giris, shi ya fara sulluɓowa daga tsani. Ya yi walda, suka zo da zarto suka tafi har da sandar. Ya ƙara rubutu a ƙasa: "Ba mu san shi ba." Wannan ko la'asar bai kai ba.

Delphine mai shagon abinci ta taɓa ce masa, "Haba Kawu Orval, ka bar musu mana. Wa ke nemanmu a duniyar nan?"

Ya ce, "Motar asibiti. Ƙaro kofi."

Ba wasa yake ba. Ranar da tsohuwa Hruska ta faɗi a kicin, ƙanƙara na zuba, direban motar asibitin sabo ne, allo kuma babu. Orval ya ɓalle ƙofar akurkin kajinsa, ya rubuta sunan garin da fenti, ya tsaya a mararraba ya ɗaga ta sama har motar ta iso. Tsohuwar tana nan da ranta. Har yau tana cewa rubutunsa ba kyau.

Kai ne, Orval. Dogo mai tsani. Kai ne ka hana a shafe mu daga ƙasa, ba ka taɓa neman a rubuta naka sunan a ko'ina ba.

Asabar ɗin da ta wuce ya yi ritaya. Aka taru a zauren coci. Magajin gari Gunderson ya miƙa masa kyauta mai faɗi a naɗe. Ya buɗe. Allon garinmu ne, tsoho, fes da shi.

Orval ya daɗe yana kallonsa. "Wannan ai na bazarar casa'in da shida ne. Ranka ya daɗe, ina ka samo shi?"

Magajin gari ya yi tari. "To... lokacin ina neman auren Noreen ne. Tana son mawaƙin nan."

Noreen ta ɗaga murya daga baya: "Har gobe ina son sa!"

Zaure ya ɗauki dariya. Orval bai yi ba. Ya saɓa allon a kafaɗa ya nufi ƙofa.

Delphine ta ce, "Kawu, ko kek ba a yanka ba!"

"Na mararraba ya tafi tun jiya," in ji shi. "Ku ajiye min nawa."

Mun gode, Kawu Orval. Ba mu iya faɗa ba, amma mun gode. Matasan garin nan kuma, tsaninsa yana jingine bayan ofishin gunduma, sai wani a cikinku ya ɗauka ya ci gaba da aikin. Sauran ku dattawa masu allo a gareji, mun san kuna nan. Ku kawo. Ba za a tambaye ku wa kuke nema a lokacin ba.