Ruwan Injin a Hanyar Badar

A shekarun da muka zauna a unguwar Jarwal ta Makka, sana'ar maigidana ita ce kai alhazai ziyara Madina da araha. Masu hali suna bin babbar hanya a bas. Namu su ne waɗanda guzurinsu ya ƙare tun a Mina. Yakan yi hayar wata tsohuwar babbar mota mai bodin katako, ya ɗora tantuna da tabarmi da buhun shinkafa, mu bi tsohuwar hanyar raƙuma ta cikin hamada. Can babu shingen 'yan sanda, mu kuwa daga ni har shi babu mai iƙama, wato takardar izinin zama. Ni ce mai girki. Manyan yaran nakan bar wa maƙwabciya, in goya ƙaramar.

A tafiyar da nake son faɗa akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar Gobir. Da ƙafa suka baro gida ita da mijinta, suna tafe suna tsayawa cirar auduga a Sudan, har ya rasu a can, ita ta ƙaraso. Hajji ta samu, saura Madina. An riga an sa ta cikin waɗanda jirgin ruwa zai kwasa daga Jidda nan da 'yan kwanaki, kuma kowa ya gan ta ya san ba za ta sake dawowa ƙasar nan ba. Kusa da ni take zama a bayan mota, ta riƙe ƙafar 'yata tana wasa da ita.

"'Yar nan, da idonki kin ga koriyar ƙubbar?"

"Na gani, Inna."

"Koriya ce sosai, ko dai faɗa ake yi?"

Durom biyu na ruwa muke ɗauka. Ɗaya na sha da girki, ɗaya na injin, don motar ba ta nisa sai ta tafasa an ɗura mata. Direban Bahaushe ne haifaffen Makka, maganarsa rabi Hausa rabi Larabci. Tun a Jarwal ya daki durom na biyu da tafin hannu ya ce, "Moyan nan ta mota ce. Wanda ya taɓa ta, shi zai tura mu har Madina." Aka yi dariya. A hanya kowa taimama yake yi, babu wanda ya yi ƙorafi.

Wata safiya, bayan an sha koko an naɗe tantuna, maigidana ya gaya wa alhazan in Allah ya so kafin azahar muna Badar, inda shahidai ke kwance. Daga nan shi da direba suka haura tudu don su duba wani rairayi da za mu ratsa. Aka bar ni da tukwane a gindin durom.

Cikin alhazan akwai wani dattijon malami daga wajen Zazzau, mutum mai sanyin hali wanda kowa ke jin maganarsa. Ya dubi rigarsa da ta koma launin ƙasa, ya ce bai kamata mu tsaya gaban shahidai da wannan dauɗa da warin gumi ba. Ya miƙo mini butarsa.

Na ce, "Baba Malam, wannan na injin ne."

Ya yi murmushi. "A Badar akwai rijiyoyi, 'yata. Kowane ɗalibi ya san haka. In mun isa sai a cika."

Na sake faɗa, amma muryata ba ta da ƙarfi tun asali, kuma maza sun riga sun jeru da butocinsu. Suka yi bayan duwatsu, mata suka yi ɗaya gefen da ƙwarya. Ina jin ruwa na zuba a yashi. Na yi ta duban tudun, ba kowa. Tsohuwar nan ita ce ta ƙarshe, da ɗan gwangwanin madara ta ɗiba, ta wanke fuska da ƙafa, ta sa wani mayafi fari fat da ta ajiye don Madina.

Da direba ya dawo ya ga mutane fes-fes, sai ya je ya daki durom. Ya yi ƙara kamar ganga.

"La haula! Ku alhazai ne ko agwagi?"

Malam ya ce, "Yaro, kwantar da hankalinka, Allah zai kai mu."

"Allah ya ba mu moya, Baba, ku kuka yi wanka da ita!"

Maigidana ya dube ni, na sunkuyar da kai. Bai yi mini faɗa ba, ya san waɗanda suka yi.

Aka rage na sha aka ɗura wa mota, muka shiga rairayin. Tana nishi, tana tafasa, ana ɗura mata kaɗan-kaɗan ana duban abin da ya rage. Can wani abu ya fashe a cikinta, tururi ya tashi, ruwan ya tsiyaye ƙasa. Direba ya leƙa ƙarƙashi ya daɗe, ya fito yana karkaɗe gwiwa. "Halas," ya ce.

Muka sake kafa tantuna a jikin motar. Direba ya ɗaura rawani ya nufi babbar hanya da ƙafa. Zafin wurin ba na iya kwatanta shi, ko ƙarfen motar ba ya taɓuwa. Ni nake raba ruwa da murfin tukunya. Malam in na miƙa masa nasa sai ya nuna 'yata da baki. Tsohuwar kuwa kowane lokaci sai ta tambaye ni, "Daga nan da nisa?" In ce, "Da ɗan saura, Inna."

Washegari da hantsi direba ya dawo a motar tumaki. Ya ce masu zuwa Madina duk sun ƙi, babu mai ɗaukar mutanen da ba su da takardar bin babbar hanya. Wannan ce kaɗai ta yarda ta shigo yashi, kuma Jidda ta nufa. Alhazan suka fara hawa ɗaya bayan ɗaya, don jirgi ba zai jira kowa ba.

Tsohuwar ta zauna a tabarmarta ta ƙi tashi. "Ku bar ni, na ƙarasa da ƙafa. Da ƙafar nan na zo daga Gobir."

Maigidana ya durƙusa gabanta. "Inna, ko yini ba za ki yi ba a ranar nan. In na bar ki, me zan gaya wa Allah?"

Ta juyo wurina. "'Yar nan, ke yake ji. Yi masa magana."

Na ja shi gefe na yi masa. Na ce ko ni da shi da ita mu tsaya, mu jira wata motar. Ya ce, "Da wane ruwan? Ga yarinya a bayanki."

Da ta ga na dawo ban ɗago kai ba, sai ta ce a nuna mata inda Madina take. Maigidana ya nuna wasu baƙaƙen duwatsu can arewa. Ta miƙe da kyar, ta gyara mayafinta, ta fuskanci duwatsun ta yi wa Annabi sallama. Ta gaishe shi da Hausa, ta gaya masa sunan garinsu, ta ce mijinta ma ya taho, hanya ce ta riƙe shi. Mai motar tumaki yana ta danna ham. Malam ya rufe fuska da hannun riga.

Ni da wata mata muka ɗaga ta muka sa cikin tumakin. Har Jidda bayanta ta ba wa gaban motar, tana kallon inda muka baro. A bakin tashar jiragen ruwa aka tsayar da mu marasa takarda a waje, ita aka shige da ita cikin taron. Ban sani ba ko ta kai gida.