Ranar da Aka Dawo da Iya Gida

Ranar wata Laraba, cikin zafin 1966, ina tsaye a ƙofar gidanmu a unguwar Karantina, a ƙasar Makka, na hango makarar mahaifiyata tana dawowa. Shekarata tara, amma na san ba a dawowa da gawa gida. Mutum huɗu ne ɗauke da ita, Baba yana gaba kansa a sunkuye, tabarmar da aka lulluɓe ta da ita tana nan yadda ta fita.

Iya ta cika da hantsi bayan zazzaɓin kwana shida. Gidanmu na katakon akwatuna ne da Baba ya tsinto a tashar jiragen ruwa inda yake dako, an rufa shi da fallayen gwangwani. A tsakar gidan nan muke ɓarar gyaɗa ni da ita, ta soya cikin yashi, mu ɗauka talla zuwa kasuwar Bab Makka. Ni kaɗai ta haifa, don haka in na tsere wasan carafke babu wanda zan laƙa wa laifi, da kunne take jawo ni. Abu ɗaya na sha jin tana roƙon Baba: "Malam, ran da na cika, kada rana ta faɗi ina waje."

Baba da ƙafa ya zo ƙasar nan daga ƙauyensu, inda in mutum ya rasu da safe, kafin azahar an dawo daga kushewa, ba a nemi izinin kowa ba. Haka ya yi. Mata suka yi wanka, aka sa likkafani, aka sallace ta, aka nufi maƙabarta. Can mai gadi ya tare ƙofa ya ce, "Fen al-waraga?" wato ina takarda. Sai likita ya shaida mutuwar, hukuma ta buga hatimi, sannan a buɗe rami. Baba ya ce masa ƙasar ta Allah ce, baiwar ma ta Allah ce. Mai gadi ya ce halas, wato magana ta ƙare, doka ce.

Da labari ya bazu cewa likita zai zo, watakila har da askarawa, sai gidan ya watse. Yawancin maƙwabtanmu ba su da iƙama, takardar izinin zama. Yau na fahimce su, amma ranar na tsane su, musamman matar da kullum ke aron turminmu ta dawo da shi ba wanki. Ita ce ta fara neman takalminta. Baba ya miƙo mini mafici ya ce, "Hauwa, zauna da uwarki. Kada ki bar ƙuda." Ya fita a guje neman likita.

Na zauna ina yi mata fifita. Gwangwanin rufi ya ɗauki zafi, hannuna ya gaji, na sauya wani. Akwai wata huda a rufin da rana ke leƙowa, na zuba wa hasken ido yana jan jiki a ƙasa, don na san in ya kai ƙarshen bango roƙon Iya ya tashi a banza. Na gaya mata gyaɗar jiya tana nan ba a soya ba. Wani ya ajiye ƙanƙara cikin buhu a bakin ƙofa ya juya ko sallama babu. Ban taɓa jin kaɗaici irin na yinin nan ba.

Likita ya zo bayan azahar, ya buɗe fuskarta, ya sa hannu a takarda, babu askari ko ɗaya. Baba ya sake fita neman hatimi, bai dawo ba sai da hasken ya kai rabin bango. Mutum uku suka ɗauke ta: liman da wani mai sayar da ruwa a baya, Baba shi kaɗai a gaba. Mata ba sa rakiya, don haka na tsaya a ƙofa da maficina. Da ya dawo ya ce an gama zuba ƙasa rana ba ta taɓa teku ba.

Yanzu asibiti ke shirya takardu, mota ta ɗauki gawa, babu mai dawowa da makara. Karantina an rushe ta, kaburbura a nan kuwa ba a rubuta musu suna, ko da zan shiga maƙabartar ba zan gane nata ba. Bayan rasuwar Baba na tarar da kwafin takardar nan a ninke cikin gwangwanin shayinsa. Takardar da ta hana Iya kwanciya yini guda, ita kaɗai ta rage da sunanta a jiki.