Yaya Sanusi Bai Zana Kansa Ba

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Sanusi. Ya rasu jim kaɗan bayan ƙaramar Sallah, bayan gajeriyar jinya a Zariya. Tun daga lokacin, idan azumi ya shiga goman ƙarshe, makwabta na zancen ɗinki da kaji, mu a gidanmu sai magana ta ragu. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Ni ba mai yawan magana ba ce, ko a aji sai malami ya kira sunana nake buɗe baki. Abin da ya faru a azumin bana ne ya sa na kasa yin shiru.

Wanda ya san Makarfi a wancan lokacin zai iya tuna ɗan shagonsa a bayan kasuwa, kusa da masu mazarƙwaila. Zane yake yi da kwamfuta: katin biki, kalanda, allon shago, da gaisuwar Sallah da 'yan kasuwa ke bugawa a babban ƙyalle su rataya. Idan Disamba ta zo kuma, mutanen coci daga wajen Ikara su kawo masa aikin Kirsimeti. Ba ya ɗauko raƙumi da dabino daga intanet kamar sauran. Jinjirin watansa a kan gonar rake yake tsayawa. Ragon layyarsa ramamme ne, irin wanda talaka ke iya saye, har wani mai shago daga Kudan ya taɓa roƙonsa ya ɗan ƙara wa ragon ƙiba don kada a ce shagonsa na tsiya ne.

A lokacin ina ƙaramar sakandare. Idan an yi hutu, yakan dawo gida da kwamfutar ya zauna a zaure, ni kuma in zauna a tabarma da littafina. Wata rana ya lura karatun ba ya tafiya, allon nake leƙe, sai ya nuna mini bambancin hoto da irin zanensa. Hoto, in ji shi, ƙananan tubala ne masu launi aka jera. Ka ƙara masa girma, tubalan su fito fili, fuska ta dagule. Nasa kuwa layi ne. Kana kafa ɗigo a nan, ka kafa wani a can, ka ja hannun ɗigon layin ya lanƙwasa yadda kake so. Kwamfuta ba launi take riƙewa ba, hanyar da layin ya bi take riƙewa, don haka ko ka mai da shi girman katangar masallaci, bakinsa na nan kaifi. Yakan ce in ɗigo biyu za su isa, kada in sa uku.

Duk ƙaramar Sallah yana zana katin gidanmu, a tura wa dangi. Shekarar farko Baba ya hana, ya ce ba a zana mai rai a gidansa. Yaya ya koma ya cire ido da hanci da baki, ya bar fuskokin sumul kamar ƙwai, ya sake kawowa. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna wata mai dafe da ƙugu.

“Wannan ai uwarku ce, lokacin da take jiran a kawo cefane.”

Inna ta ce, “To ai ga ka nan kai ma, Malam, hula ta kusa faɗuwa.”

Baba bai ce ya yarda ba, bai kuma sake hanawa ba. Haka katin ya zama al'ada. Kowa ana gane shi da tsayuwarsa: Kaka da sandarta a karkace, ni da littafi rungume a ƙirji, kaina a sunkuye. A katin ƙarshe da ya yi akwai matarsa Zainabu, da ɗan ƙunshi a bayanta. Ƙunshin nan shi ne 'yarsa Hafsatu, wadda ko tafiya ba ta fara ba ya rasu. Ba wanda ya taɓa lura cewa shi ba ya cikin ko ɗaya. Shi ke zanawa, shi ke riƙe da waya in za a ɗauki hoto, mu kuma muka ɗauka zai kasance a nan kullum.

Wayarsa ta lalace tun yana jinya. Da muka nemi hotonsa bayan rasuwar, guda ɗaya muka samu, na taron sunan ɗan abokinsa, wanda aka yi ta turawa daga waya zuwa waya har ya gaji. Yana can layin baya, fuskarsa ba ta wuce ƙwayar wake ba. Ka ja ta da yatsu biyu, sai tubalan nan da ya nuna mini su fito. Kaka ta rasu shekara biyu bayansa, amma in na buɗe katinsa zan iya ƙara mata girma har in ga lanƙwasar yatsanta a kan sanda. Shi kuwa ba mu da shi sai a dagule.

Kwamfutarsa tana wurina yanzu, da ita nake karatu a kwaleji, kuma ni nake ci gaba da katin. Ba ƙirƙira nake yi ba, gyara nake. Ina ƙara wa yara tsawo, ina canza launin atamfa. Zainabu ta yi aure a Kudan, Hafsatu tana hannun Inna, na sauke ta daga goyo na tsayar da ita da ƙafafunta. Wani lokaci ina tunanin me zai ce da ya ga yadda sana'arsa ta koma. Yau mutum zai gaya wa wayarsa yana son gaisuwar Sallah, kafin ya ajiye kofin shayi ta ba shi masallaci mai hasumiyar zinare da fitilun da ba a taɓa kunna irinsu a Makarfi ba. Ba na jin zai yi fushi. Mai son sabon abu ne, da ya gwada kafin kowa. Ina ganin dai zai tambaya, cikin raha, ina gonar rake ta tafi.

Irin wannan manhajar ce ta shigo gidanmu da farkon azumi. Ɗan kawunmu Lawal, mai shagon cajin waya a Ikara, ya ji Hafsatu tana tambayar kamannin babanta. Da kyakkyawar niyya ya ɗauki hoton nan ya sa a manhajar da ke wanke fuska, ya buga, ya sa a gilashi ya kawo. Mutumin da ke ciki kyakkyawa ne, hancinsa miƙe, haƙoransa a jere. Yaya Sanusi yana da wushirya, da tabo a gira inda reshen rake ya taɓa yankarsa. Wannan ba shi da ko ɗaya. Hular ce kawai tasa.

Inna ta kalla ta ce, “Lawal, wannan ɗan waye?”

Amma Hafsatu ta riga ta karɓe. Ta rungume gilashin ta zaga gida da shi, ta kai wa 'yan makwabta, tana cewa ga Abbanta. Ta rataye shi a kan gadon da suke kwana da Inna. Na je wurin Inna na ce a sauke shi, yarinya za ta girma da fuskar da ba ta kowa ba.

Ta ce, “Ki sauke ki ba ta me?”

Shi ya sa na yanke shawarar bana zan sa shi a katin, a zana shi yadda ya zana mu. Na ɗauka abu ne mai sauƙi, tunda ba fuska ake buƙata ba. Na kafa ɗigo, na ja layi, na goge. Na tsayar da shi kusa da Baba, ya fito kamar Lawal. Na sa masa hannu a aljihu, ya zama wani malaminmu. Na tambayi Baba yadda Yaya yake tsayuwa, sai ya tashi ya fita alwala alhali lokacin salla bai yi ba. A ƙarshe na gane cewa abin da idona ya haddace ba tsayuwarsa ba ce. Bayansa na sani, daga inda nake zama a tabarma: wuya a miƙe gaba, ƙafa ɗaya a naɗe ƙarƙashinsa. Na zana haka a gefen katin, yana zaune yana fuskantar sauranmu. Wannan karon layin bai yi mini gardama ba.

Inna ta zo wucewa da tire, ta tsaya. Ta dubi allon ta ce a hankali, “Ki ɗan sauke kafaɗar dama.” Na ja ɗigon ƙasa kaɗan. Ta ajiye tiren a ƙasa ta shige ɗaki.

Ina auna abin da ya rage na Yaya Sanusi, sai in ga yana da yawa kuma ba shi da yawa. Allunan da ya zana suna nan a wasu shagunan Makarfi, rana ta cinye launinsu. Mu da ya zana muna nan yadda ya gan mu. Hannunsa yana cikin nawa ko yaya. Amma shi kansa, a zukatan waɗanda suka san shi kawai yake, su kuma suna raguwa, abin da suke riƙe da shi ma yana zubewa ba su sani ba. Allah Ya haskaka makwancinsa, Ya sa ya huta.

Ana jajibirin Sallah na kira Hafsatu, hannuwanta ɗaure da lalle, na nuna mata. Na ce wannan shi ne babanta na gaskiya, haka yake zama. Ta matso da fuskarta kusa da allon.

“Gwaggo, me ya sa ya ba ni baya?”

Na ce aiki yake yi, mu yake zanawa.

“To ki juyo da shi mana in gan shi.”

Manhajar da nake zane da ita tana iya abubuwa da yawa. Zan iya mai da damansa hagu, in kifa shi, in ƙara masa girma ya cika zaure. Juyowa ce ba ta yiwuwa, don babu komai a ɗaya gefen sai abin da na zana, ni kuma ba ni da abin zanawa. Ban san yadda ake gaya wa 'yar shekara bakwai haka ba. Ta jira, ta ga hannuna bai motsa ba, ta ce ba komai, in na koya sai in juyo mata da shi. Ta ruga ɗaki, na jiyo ta tana nuna wa mutumin cikin gilashi lallenta.