Waccan ta Gafasa

A gidanmu na Kademi, ɗakin Kaka ne ba a rasa wuta a cikinsa. Lokacin sanyi, da an idar da sallar isha'i, sai mu tattaru a can, ni da 'ya'yan Baffa, kowa ya miƙa tafin hannunsa kan garwashi. Kaka takan binne gyaɗa a toka, ta riƙa tono ta da tsinken kara tana rarraba mana, kuma kasona kullum ya fi na kowa. Mahaifina ya rasu ina goye, ita ta raine ni. "Maigidana" take kirana, irin wasan kaka da jika, kuma a bayanta nake kwana.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. "Ga baƙuwa a ƙofa," za ta ce. Mu kuma mu amsa, "A shimfiɗa mata tabarma."

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai wadda ba ta gajiya da ita, ta Zabuwa da Kaza. Wai Zabuwa ce ta saka ƙwai a gindin kalgo, ta jiyo kiɗa a wani gari, ta ɗaura zanenta mai ɗige-ɗige ta tafi abinta. Kaza ta zo kiwo ta tarar ƙwan ya yi sanyi, ta kwanta a kai har ya ƙyanƙyashe. Ita ta yi ta tono tana ciyar da ɗan, ita ta yi faɗa da shaho har ta rasa ido ɗaya. Da ya girma ya yi kyau, sai ga Zabuwa ta dawo tana kuka, wai a ba ta ɗanta. Ɗan ya leƙo ya dube ta, ya ce bai san ta ba.

"To, kun ji," in ji Kaka, ni kaɗai take kallo. "Ba haihuwa ce uwa ba. Halin waccan ke nan."

Waccan ita ce mahaifiyata. Abin da na sani game da ita bai wuce cewa 'yar Gafasa ce ba, kuma ta koma gidansu bayan takaba, aka karɓo ni da aka yaye ni. Duk gidan ba mai faɗin sunanta. Baffa yana tsoron Kaka, matarsa tana tsoron Baffa. In zancenta ya zama dole, sai a ce "ita" ko "waccan", a yi shiru.

Ina aji huɗu a firamare aka kawo mana Malam Garba, wanda yake zuwa daga Gaya a kan keke yana koya mana Turanci. Wata rana ya ce za mu yi wakilin suna. Ya cika allo da su kashi-kashi. Akwai na mutum, irin su "I" da "she", wato ni da ita. Akwai na mallaka, kamar "mine", nawa. Akwai na nuni, "this" da "that", wannan da waccan. Akwai kuma na tambaya, "who", wane ne ko wace ce. Muka yi ta rerawa a bayansa kamar karatun allo. Da zai fita sai ya ƙara da cewa:

"Amma ku kula. Wakili ba ya tsayawa sai an san wanda ya aiko shi. Ka fara faɗin suna tukuna, sannan ka ce ita. In ba haka ba, mai sauraro ya ɓata."

Maganar ta tsaya mini a rai har gida. Ba wai so nake in kira ta da sunan ba. Wane ɗa ne yake kiran sunan uwarsa? So nake kawai in sani.

Da daddare, Kaka ta ce ga baƙuwa a ƙofa, yara suka amsa, ni ban amsa ba.

"Kaka," na ce, "waccan ɗin, mene ne sunanta?"

Tsinken karan ya tsaya a cikin toka.

"Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa. Malam ne ya ce ba a cewa waccan sai an faɗi suna."

"Malamin naku ya taɓa binne ɗa?" Muryarta ba ta ɗaga ba, amma 'ya'yan Baffa suka fara zamewa waje. "Ka je ka tambaye shi, da Turancin nasa, me ake kiran macen da ta sa mijinta ya shiga rafi ya kawo, don ya je gaishe ta. Ubanka a Gafasa ruwa ya ci shi. Ba a ƙara faɗin sunanta a gidan nan ina da rai."

Ranar ba a yi tatsuniya ba. Washegari ta yi ta Zabuwa, ta ba ni gyaɗa cike da hannu biyu. Ban sake tambaya ba. Abin da aka zuba wa yaro shi yake sha, na tashi ina ƙin matar da ban san fuskarta ba.

Kaka ta rasu ina saurayi. Bayan nan ne na kai gyaɗa kasuwar Ajingi, wani dattijo ya yi ta kallona, har ya matso ya ce, "Kai ba ɗan marigayi Isa ba ne na Kademi?" Na ce ni ne. Ya kama hannuna ya fashe da kuka. Ashe kawuna ne, yayan mahaifiyata.

"Ka makara, ɗana," ya ce. "Daminar da ta wuce muka binne ta."

A gindin rumfa ya ba ni labari. Mahaifina ya je ganinta tana wankan jego, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, suka roƙe shi ya kwana. Ya ce uwarsa ta gargaɗe shi kada ya kuskura ya kwana a gidan surukai. A hanyar komawa ruwan ya tafi da shi. Mahaifiyata kuwa duk lokacin kaka sai ta taka zuwa Kademi da 'yar riga ko ƙuli-ƙuli, Kaka ta sa a ce mata ba na nan. Sai da ƙafa ta gaza ta daina.

"Kawu, mene ne sunanta?"

Ya dube ni kamar na mare shi. "Sa'adatu."

Har yau ina yi wa Kaka addu'a, don ita ta ci da ni, ta tufatar da ni. Amma na gane tatsuniyar nan ba don mu take yin ta ba. Tsohuwa ce da ta kasa ɗaukar abin da bakinta ya jawo, ta nemi wadda za ta ɗora wa, kuma ya fi sauƙi a ɗora wa mutum laifi in an cire masa suna. Da ni aka biya bashin.

Da na haifi 'ya mace, na sa liman ya raɗa mata Sa'adatu. Sau ɗaya na ji an faɗi sunan da ƙarfi, ranar suna, a zaurenmu. Daga nan kowa ya koma kiranta Ummi, don ba a kiran sunan uwar maigida. Ni ma Ummi nake ce mata.