Dona Ivanilde da Dajinta Mai Shan Iska

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina ɗakin gwaji ina wanke kwalabe, Valdecir ya bugo mini waya daga gona ya ce mahaifiyarsa, Dona Ivanilde Sampaio, ta rasu. Ta gama tatsar shanu, ta zauna a kujerarta ta baranda, ta ce a kawo mata gahawa. Kafin a kawo, rai ya yi halinsa. Shekarunta saba'in da tara.

Dona Ivanilde, shekara goma sha biyu ke nan da na fara tsayawa a ƙofar gonarki da ke bayan garin Ariquemes, ina ɗaliba, ɗauke da akwatunan roba da sirinji. Gonaki huɗu suka sallame ni kafin in iso taki. Na yi miki bayani cewa iskar metan nake aunawa, wadda ke ƙara wa duniya zafi, ina so in ga ko ƙasa shan ta take yi ko fitar da ita. Kika dube ni sama da ƙasa, kika ce, "Wato 'yar nan, duk wannan karatu naki, tusar ƙasa kika zo sansana? To shigo ki ci abinci tukuna, dubi wuyanki." Na ci wake da shinkafa da soyayyen rogo, tun ranar gidanki ya zama nawa.

Rabin gonar makiyaya ce, sauran kuwa hekta ashirin na dajin da ke da marigayi mijinki, Seu Ataíde, kuka bari ba ku sare ba. Ina kifa akwati a ƙasa, in jira, in zuƙi iskar da ke ciki da sirinji. A mako na biyu saniyarki Mimosa ta taka akwatin ya fashe. Na zauna a ciyawa ina shirin kuka, sai ga ki da tukunyar wakenki, kin sa Valdecir ya huda mata gindi. Da ita na ƙarasa aikin daminar nan. Shi ya sa a shafin godiya na kundin digirina akwai sunanki, akwai tukunyar, ban da Mimosa.

Da sakamako ya fito na kawo miki har kicin. Ƙasar daji tana shan metan rani da damina, domin a cikinta akwai ƙananan halittu masu cin wannan iska fiye da iri arba'in; idan ruwa ya yi wa wasu yawa, ko fari ya raunana wasu, sauran su riƙe aikin. A makiyaya, inda kofato ya daddale ƙasa, iri shida kaɗai na samu, ƙasar ma fitar da iskar take yi. Ina ta kame-kamen yadda zan sauƙaƙa maganar, kika katse ni: "Ai na gane. Daji gayya yake yi, can kuwa an bar wa mutum shida aikin gari, su ma gajiyayyu." Har yau da kalamanki nake fara koyar da ɗalibaina wannan darasi.

Shekarar da ciyawa ta ƙone, shanu suka rame, Valdecir ya ɗauko maganar sare dajin a faɗaɗa kiwo. Ba mugunta ba ce, iyali gare shi, kuma maƙwabta duk sun yi. Ba ki yi masa faɗa ba. Cewa kika yi ya ba ki shekara uku. Kika killace yankin makiyaya da ya fi lalacewa, kika hana shanu shiga, kika dasa itatuwa, kika riƙa turo ruɓaɓɓen ganye da baƙar ƙasar daji a baro kina barbazawa. Na gaya miki gaskiya, ban da tabbacin halittun nan za su zauna a sabon wuri. Kika ce, "Malama, ni ma da aka kawo ni daga jihar Paraná ba wanda ya ce zan zauna. Riƙe baron nan."

Ciyawa ta dawo a shekara ta biyu, shanu suka yi ƙiba. Metan ya ƙi sauka sai a ta huɗu, lokacin da na ƙirga iri goma sha tara a wurin, awo kuma ya nuna ƙasar ta fara sha, kaɗan dai, amma tana sha. Ranar kin gasa kifin tambaki, kin gayyato matan coci, kin sa Valdecir ya karanta takardar sakamakon da bakinsa har sau biyu, kina cewa kunnenki bai ji na farko ba. Dajin yana nan tsaye. Yanzu shi ke zagayawa da maƙwabta yana nuna musu, kamar shi ya ƙirƙiro dabarar.

An kwantar da ke kusa da Seu Ataíde, kamar yadda kika nema. Allah ya jiƙan ki, ya yafe kurakuranki, ya saka miki da alherin da kika yi wa baƙuwar da ba ki taɓa gani ba. Valdecir, da matarka Neusa, da jikokin marigayiya bakwai, Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya, domin ni ma uwa na rasa.

Joelma Tavares