Babban Yatsan Baba Sidi a Kan Jan Ƙarfe

Jama'a, wannan labari ba a majalisar shayi na tsince shi ba, da idona na gani, kuma da rana tsaka, kada wani ya ce barci ne ya ɗebe ni. Shekarun baya ne, lokacin ina koyar da kimiyya, fizik da shimi, a wata kolej nan Agadas, aikin da ya sabar mini da cewa komai na duniya yana da dalili, in ban da abin da ke sa yaro barci a aji da sassafe.

Ina da aboki, Aghali, maƙerin azurfa a tsohon gari. Maƙerarsa wani zaure ne na gidan Hajiya Azara, tsohuwa mai kaifin baki, kuma tun zamanin ubansa, marigayi Baba Sidi, suke wurin. To, in maƙeri ya fiddo azurfa daga wuta baƙa take fitowa, sai ya tsoma ta cikin ruwan batir da aka sirka don ta yi fari. Azurfar kuwa akwai jan ƙarfe a jikinta, ruwan yana cinsa a hankali har ya koma shuɗi kamar an wanke rawani a ciki, ya daina aiki. Daga nan Aghali sai ya yi bisimilla ya zubar bayan katanga. Bisimillar don mutanen ɓoye ce, ba wanda ya tuna da akuyar Hajiya. Ita kuwa ta je ta lashe shuɗin gishirin da ya bushe a wurin, cikinta ya kumbura, da ƙyar ta tashi.

Hajiya ta leƙo zaure ta ce, "Aghali, ubanka ya zauna nan har Allah ya karɓi abinsa, ko kazata bai taɓa sa wa tari ba. Kai ka nemi wani wuri kafin Salla."

Na tarar da shi ya yi tagumi, shayi ya huce a gabansa. Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, a nan. Ya ce, "Mushe, a nan na koyi riƙe awartaki. In na tashi, ina zan kai uwar maƙerar tsoho?"

Na ce ai wannan darasin 'yan aji uku ne. Ruwan bai mutu ba, ƙoshi ya yi. In ka sa masa kuran, wato wutar lantarki, jan ƙarfen da ya ci zai fito ya manne a jikin faranti, ruwan ya sake kaifi, ka ci gaba da aiki da shi, ba sauran zubarwa, ba sauran akuya. Ya dube ni irin duban da ake yi wa mai maganin gargajiya a tashar mota, amma da yake wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa yake, ya ce mu gwada.

Muka samo batir na mota, muka fasa tsofaffin pil, batiran tocila, muka zaro baƙin sandunan gawayin da ke cikinsu, muka yanko faranti daga wani tire na inokis, farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Ruwa ne ya yi ƙaranci, tun da Aghali ya zubar da nasa, sai ya janyo wani bido, wato jarka, daga bayan zuga-zugi, ya ce na tsoho ne, tun rasuwarsa ba wanda ya taɓa. Shuɗinsa har ya yi duhu. Muka juye a bokitin roba, na ɗaura waya, muka ja da baya saboda warin, muka ɗora sabon shayi.

Wallahi abin ya yi kyau. Kumfa na tashi a jikin gawayi, faranti na yin ja a hankali kamar kunyar amarya, Aghali na ta salati yana dariya. Bayan azahar na ciro farantin, na sa wuƙa na ɓare jan ƙarfen, ya fito falle guda kamar ɓawon albasa. Sai dai a tsakiyarsa akwai shaidar babban yatsa, zane-zanenta duk sun fito.

Ban damu ba ko kaɗan. Na gyara tabarau na ce, "Maiƙon hannu ne. Inda yatsa ya taɓa, ƙarfe ba ya kamawa daidai. Kai ne, hannunka duk man gyaɗa."

Ya ce, "Ni ban taɓa ba, Mushe, kai ka riƙe."

Muka sake. Na wanke farantin da toka, na wanke da sabuni, na goge da alkol, irin na wanke ciwo, na ɗauke shi da awartaki kamar mai ɗaukar kunama, Aghali kuwa na sa shi ya zauna bisa hannuwansa. Da la'asar muka ɓare. Yatsa na nan, a wuri ɗaya, kuma wannan karon na lura da wani tabo da ya ratsa shi a karkace. Na duba nawa yatsun, na duba na Aghali, ba mai tabo. Na ce ƙila lahanin farantin ne, kodayake muryar da na faɗa da ita ko ɗan aji ɗaya ba zai yarda ba.

Aghali dai ya ce, "Tsoho ba ya barin aiki ya fita zauren nan sai ya danna masa babban yatsa. In ya yi, ya ce a kai wa mai shi. In bai yi ba, ya jefa a wuta."

Muna cikin haka Hajiya ta shigo, akuyar na biye da ita, wai ta zo ganin sihirin mushen lakwal. Na fara mata bayanin kuran, ta ɗaga mini hannu kamar yadda nake yi wa yara, ta karɓi fallen ta kai shi bakin ƙofa wurin haske. Ta daɗe tana dubawa. Sai kawai ta fashe da dariya, idonta na ƙwalla.

"Sidi ke nan! Ka ga yankan nan? Yana mini mundayen aure magagari ya zame masa. Na zo karɓa na tarar ya naɗe yatsa da tsumma, yana ta masifa wai gaggawata ce ta jawo."

Na ce, "Hajiya, ai a kimiyyance..."

Ta ce, "Mushe, sha shayinka." Ta juya ga Aghali. "Ɗan nan, ashe ubanka bai tashi ba. To wanda mutuwa ba ta tada ba, ni ce zan tada? Ku zauna. Amma in akuyata ta ƙara yin ko atishawa, kai da shi duka za ku fita."

Aghali na nan har yau a zauren, bokitinsa na aiki, yanzu ma da panno, allon hasken rana, yake ba shi kuran, jan ƙarfen da ya fito kuwa yana yi wa zobba ado da shi. Ni dai ban haƙura ba. Na ɗauki farantin nan na kai labon lakwal, ɗakin gwaje-gwajenmu, na haɗa sabon ruwa, ya fito sumul, ba yatsa ba tabo. Na koma zaure da wani faranti sabo fil, muka sa a ruwan tsoho, yatsa ya fito. Haka ya yi ta fitowa har ruwan bidon ya washe, shuɗin ya ƙare.

Abin da ban taɓa gaya wa Aghali ba shi ne na ƙarshen. Ranar ya tafi masallaci ya bar ni ina gadi, iska ba ta motsi, ƙofa a rufe rabi, ina zaune ina kallon bokitin, sai na ga fuskar ruwan ta lotsa a hankali dab da farantin, daidai faɗin yatsa, ta ɗan jima haka, sannan ta koma daidai. Na rantse da Wanda ya halicce ni, ba kumfa ba ce, na san kumfa. Na miƙe cikin ladabi, na ce, "Sannu da aiki, Baba," na fita ban ko ɗauki takalmina ba.

Shawarata biyu ce. Ruwan aiki in ya yi shuɗi kada ku zubar, ku nemi wanda ya iya ya cire muku ƙarfen, akuyoyin mutane su huta. Sannan in za ku shiga maƙera, ko ba ku ga kowa a ciki ba, ku yi sallama, kuma ku ɗan dakata kafin ku sa ƙafa.